Yadda Ake Zaman Sulhu Idan Aure Ya Kai Gaɓar Rabuwa

Yawanci da magariba abin yake faruwa. A Daidaita Sahu ta tsaya a ƙofar gida, yarinya ta sauko da goyo a baya da akwati a hannu, ido ya kumbura. Kafin a idar da sallar isha'i an aika a kira baffanta ko kawunta, an ce ya zo akwai magana. Idan kai ne ake aikawa a kira, ko ke ce gwaggon da ake kai wa kuka, dominku na rubuta wannan bayani. Miji da matar da abin ya shafa su ma za su ƙaru da shi, don su san abin da ya kamata su nema daga waɗanda suka shiga tsakaninsu.

Na daɗe ina lura da yadda muka ƙuntata ma'anar sulhu har ta koma abu ɗaya tak: a mayar da mace ɗakinta. In ta koma, an yi nasara. In ba ta koma ba, sai kowa ya kakkaɓe rigarsa ya tashi, a bar maganar yara da kaya da bashi a hannun mutum biyu masu jin haushin juna. Alhali aya ta 229 a Suratul Baƙara hanya biyu ta shimfiɗa: riƙo da alheri, ko sallama da kyautatawa. Mai sulhu yana da aiki a kan kowacce, kuma aikinsa a ta biyun ya fi nauyi, domin a nan ne ake zaluntar yara ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Da farko a san inda auren yake

Kada ka kira kowa zama sai ka tabbatar da matsayin auren. Yaji ne ta yi, ko an furta saki? In yaji ne, aure yana nan daram, abin da ake jira biko ne da gyaran abin da ya fitar da ita. In saki ne, sai ka bi a hankali: da wane lafazi aka yi, da baki ne ko a takarda ko ta saƙon waya, a wace rana, a gaban wa, kuma na nawa ne tun da aka ɗaura auren. Takardar ko saƙon a adana, kada a yaga, kada a goge. Mutane da yawa sun shiga ruɗani bayan shekaru saboda ba wanda ya iya tuna ko wancan faɗan na bara an lissafa shi saki ko ba a lissafa ba.

Wannan tambaya ita ce ke gaya maka yawan lokacin da kake da shi. A saki na ɗaya ko na biyu, miji yana iya yin kome kafin idda ta cika, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. Iddar mai jinin al'ada tsarki uku ce a mazhabar Malikiyya, wadda ba ta yi wata uku, mai ciki kuwa sai ta haihu. In idda ta cika ba a yi kome ba, to sai da yardarta, da waliyyi, da sabon sadaki. In kuwa saki uku ya cika, ƙofar kome ta rufe, kuma duk wanda ya kawo shawarar auren kisan wuta a tsawatar masa tun a wurin. Idan lafazin yana da sarƙaƙiya, kamar wanda ya haɗa uku a kalma ɗaya, ko ya ce fushi ya rufe masa ido bai san abin da ya faɗa ba, kada dattawan gida su yanke da ka. A je wurin malami masanin fiƙihu ko alƙali, a faɗa masa lafazin kamar yadda ya fito, ba ragi ba ƙari.

Akwai kuma tambayar da ake jin nauyin yi amma dole a yi ta tun ranar farko: akwai duka? Akwai barazana da makami, ko kulle ta a ɗaki, ko hana ta abinci, ko taɓa yaran? Mace babba ce za ta tambaye ta, su biyu, ta kuma duba jikinta. In akwai rauni a kai ta asibiti a karɓi takardar likita. Inda ake tsoron rai, ba a haɗa su a ɗaki ɗaya da sunan sulhu, ba a kuma mayar da ita a daren don gudun maganar mutane. Wanda ke jin tsoro ba ya iya yarjejeniya, sai dai ya ce to. Irin wannan magana ta wuce zaure, ta 'yan sanda ce da Hisba da kotu, kuma Malikiyya ta ba alƙali damar raba aure saboda cutarwa ba tare da matar ta biya ko kwabo ba.

Wa zai zauna

Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Hikimar a bayyane take: kowa ya sami wanda zai buɗe wa cikinsa ba tare da jin an taru a kansa ba. Amma ba kowane ɗan'uwa ne ya dace ba. Uwar miji da uwar mata, duk da darajarsu, ciwon ya yi musu kusa. Wanda ya haɗa auren sau da yawa kare mutuncinsa yake yi, don kada a ce zaɓinsa ya lalace. Wanda miji ke ɗauke da nauyinsa, ko yake cin abinci a shagonsa, ba zai iya kallon idonsa ya ce ka yi kuskure ba. Wanda tun farko bai so auren ba kuwa, ya zo ne ya tabbatar da maganarsa.

A nemi mai riƙe sirri, mai haƙurin sauraro, wanda duka ɓangarorin ke jin kunyarsa, wanda kuma ya san hukunce-hukuncen aure ko ya san iyakar saninsa har zai ce bari mu tambaya. Kowane ɓangare yana da damar cewa bai yarda da wane ba, kuma a karɓa ba tare da an tilasta masa faɗin dalili ba. Ina ba da shawara mai ƙarfi a sa mace dattijuwa a cikin masu zaman. Akwai matsalolin shimfiɗa, da na rashin lafiya, da na zaman kishi, waɗanda yarinya za ta gwammace a ce ita ce mai laifi da ta furta su a gaban baffanta.

In dangi sun gaza, ko su ne ma tushen rigimar, akwai matakai a gaba. Limamin unguwa da mai unguwa, sannan dagaci da hakimi, sun saba da wannan aiki tun kaka da kakanni. A Kano, Hukumar Hisba da aka kafa da doka a 2003 tana karɓar ƙorafin ma'aurata a ofisoshinta, tana kiran ɓangarorin ta saurare su. Akwai kuma cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jihar, wadda aka buɗe a 2009 bayan Legas ta fara irinta a 2002, inda horarrun masu shiga tsakani ke zama da mutane ba tare da an shiga akwatin kotu ba. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA suna taimaka wa matan da ba su da mai tsaya musu. A Nijar, sarakunan gargajiya suna da hurumin sasanta al'amuran aure bisa al'ada, kuma a Yamai mutane da yawa suna kai irin wannan magana ga Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar kafin su doshi kotu. Abu ɗaya dai a riƙe: mai sulhu ba alƙali ba ne. Ba ya tilasta wa miji saki, ba ya tilasta wa mace komawa.

A ji kowa shi kaɗai

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya sa zama da yawa ke watsewa tun kafin a sha ruwa. Ka zauna da mijin shi kaɗai, a wani wuri da ba gidansa ba. Ka ce masa, "Ɗana, ba na zo in yi maka faɗa ba ne, so nake in ji daga bakinka." Sannan ka yi shiru. Ita ma haka: "'Yata, faɗa mini tun daga farko, ba wanda zai ji abin da ba ki yarda a faɗa ba." Kada ka katse da wa'azi. Wa'azi yana da lokacinsa, amma wanda aka toshe wa baki da "ki yi haƙuri" tun jimla ta biyu ya gane cewa ba a zo jin ta bakinsa ba.

Abin da aka fara faɗa da wuya ya zama shi ne ainihin ciwon. Za a ce ta yi rashin kunya, ko ya daina cefane, ko an ga saƙo a waya. Ruwa ba ya tsami banza. Ka tambaya yaushe abin ya fara, me ya sauya a lokacin. Sau da yawa za ka tarar kasuwa ce ta karye yana jin kunyar faɗa, ko zaman gidan gandu ne ya yi mata ƙunci, ko an yi alkawarin za ta ci gaba da karatu aka saɓa, ko ƙarin aure ne aka yi ba a raba kwana da adalci. Ka tambayi kowannensu tambaya uku: me kake so ya faru, me kake tsoro, me za ka iya bari. Amsar ta biyu ita ce ta fi amfani. Namijin da ya kafe sai an ba shi yara, in ka tona, tsoronsa kada wani ƙato ya riƙe masa 'ya'ya su zama agololi a gidan wani. Matar da ta ce ba za ta ƙara ganin fuskarsa ba, tsoronta kada a ƙwace mata na goye ranar da aka yaye shi.

Kafin ka tashi, ka tambaya a cikin abin da aka gaya maka wanne aka yarda ka kai ɗaya ɓangaren. Abin da aka ce sirri ne ya mutu a cikinka, ko matarka kada ta ji.

Ranar haɗuwa

A zaɓi wurin da ba na kowa ba a cikinsu: gidan wani dattijo, ko ofishin liman, ko ofishin sulhu. A zaɓi lokacin da ba a gaggawa, kamar bayan la'asar ko da hantsi ranar hutu. Mutane kaɗan: su biyun, masu sulhu, sai waliyyinta ko wakilinsa. Ƙannen miji da ƙawayen mata su zauna a gida. Yara kada su kasance ko a tsakar gidan, domin suna jin fiye da yadda muke zato. A kashe wayoyi, kuma a faɗa a fili cewa ba a yarda kowa ya naɗi murya ba.

Bayan addu'a, babban mai sulhu ya shimfiɗa ƙa'ida: ɗaya na magana ɗaya na saurare, ba zagi, ba ambaton iyaye da mugun baki, kuma ba wanda zai furta saki a wannan zama. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin magana zarar bunu ce, kuma an sha ganin wanda ya zo da igiya biyu ya tashi ba ko ɗaya saboda an tunzura shi a gaban surukai. Wanda ya kawo kuka shi zai fara. Idan ya gama, mai sulhu ya maimaita abin da ya ji da lafazi mai sanyi. In ta ce, "Baffa, mutumin nan ba ya ɗaukata a bakin komai," sai ka ce, "Abin da na fahimta shi ne kina so a riƙa shawara da ke kafin a yanke abin da ya shafi gidan. Haka ne?" Zargi ba a iya sasanta shi, amma buƙata ana iya biyan ta.

In murya ta fara tashi, a ɗaga zaman na ɗan lokaci, kowane mai sulhu ya fita da nasa. Kada a ji kunyar ɗagewa zuwa wani mako. Zama uku gajeru sun fi zama ɗaya da za a kai tsakar dare har wani ya amince don gajiya kawai. Sai dai a riƙa duba kwanakin idda, kada jan lokaci ya yanke hukuncin da ba wanda ya zaɓa.

A ƙarshen wannan mataki dole a fuskanci tambayar kai tsaye, kuma a yi wa kowa ita a keɓe: kana son zaman nan, kina son zaman nan? In duka sun ce e, sai a yi maganar sharuɗɗan komawa, kuma su zama abin da ido zai iya gani. "Zan gyara" ba sharaɗi ba ne. "Zan kama mata haya daban kafin ƙaramar salla," ko "kuɗin cefane zai riƙa shiga hannunta duk ranar Juma'a," ko "za mu je asibiti tare a cikin wannan wata," waɗannan su ne sharuɗɗa. Ita ma a faɗi nata da irin wannan bayyanar. A sa shaidu biyu a kan komen, kamar yadda aya ta 2 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni.

In rabuwar ce

In ɗaya ya ce ya gama, kuma an ba shi lokaci ya sake tunani bai sauya ba, to kada masu sulhu su ɗauka sun faɗi. Yanzu ne za a zauna a warware zaren ɗaya bayan ɗaya. A fara da masu sauƙi, don a saba da cewa "na yarda" kafin a iso masu wuya.

Idda tukuna. Aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga gidanta a lokacin idda, amma al'adarmu ta juya abin, takarda na shiga hannu ana neman mota. In zaman gidan zai yiwu lafiya, shi ne daidai. In ba zai yiwu ba, a fayyace inda za ta zauna da wanda zai ɗauki nauyi. A sakin da ake iya kome, ci da sha da wurin kwana suna kan miji har idda ta cika. Mai ciki kuwa, ko wane irin saki ne, ciyarwarta tana kansa har ta sauka, sannan hidimar haihuwa da ta suna. Akwai kuma kyautar sallama da aya ta 241 a Baƙara ta ambata, wadda malamanmu suka ce abin so ce. Kusan mun manta da ita, alhali ɗan jarin da mace za ta fita da shi yana iya zama bambanci tsakanin zawarci mai mutunci da na wulaƙanci. Mai sulhu ya tuna wa miji da ita.

In matar ce ke neman fita ba tare da an tabbatar da cutarwa ba, hanyar ita ce hul'i, wato ta fanshi kanta. Asalinsa matar Sabit bin Ƙais ce, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaya ko za ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ta ce e, aka raba su. A nan ne son zuciya ke shigowa. Sai ka ga an zo da dogon lissafi, har kuɗin ɗinki da na abincin 'yan biki da na motocin kai amarya, don dai a ɗaure ta. Fiƙihu ya bar adadin ga yarjejeniyarsu, amma mai sulhu nagari yana jawo maganar kusa da sadakin da aka bayar, yana kuma duba shekarun da ta yi tana hidima da 'ya'yan da ta haifa. A kuma gaya wa mijin gaskiya: wanda ya ƙuntata wa mace da gangan don ta gaji ta biya shi, in aka tabbatar da haka daga baya, Malikiyya ta ce ya mayar mata da abin da ya karɓa. Hul'i saki ne yankakke, ba kome a cikinsa sai da sabon aure.

Sai kaya. Gado da katifa da kujeru da kayan kicin da iyayenta suka yi mata nata ne. Lefe kyauta ce da ta riga ta shiga hannunta. Sauran sadakin da ba a cika ba bashi ne a wuyansa. Inda ake rigima shi ne abin da aka saya a cikin zaman: firji, talabijin, janareta, keken ɗinki, awaki, wani lokaci har fili. A tambayi rasit, a tambayi shaidu, a duba saƙonnin banki. In ba hujja, ƙa'idar malamai ita ce abin da aka san na mata ne a bar wa mace da rantsuwa, abin da aka san na maza ne a bar wa namiji da rantsuwa. Kada a manta da kuɗin adashinta da ya ranta ya zuba a kasuwa, ko ɗankunnen gwal da aka sayar lokacin da aka matsu. A rubuta adadin da ranar biya. Ranar kwasar kaya kuma a sa mutum ɗaya daga kowane ɓangare ya tsaya da takardar lissafi a hannu, miji ya ba da wuri, a yi da rana, a gama a rana ɗaya.

Yara

Duk abin da ya gabata ana iya gyara kuskurensa da kuɗi. Wannan ba a iyawa. Akwai maganar da ta zauna a bakin mutane cewa 'ya'ya na uba ne, da an yaye sai a kai masa. Nasaba ta uba ce, walicci nasa ne, ciyarwa a kansa take, amma riƙo a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke bi, na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba, kakar yaron ta wajen uwa ce a gaba, sannan 'yar'uwar uwa, matuƙar sun cika sharuɗɗan amana da lafiya da wurin zama. Mai sulhu ya faɗi wannan a fili tun farko, domin mata da yawa suna sallama 'ya'yansu ne don ba su san suna da haƙƙi ba, maza da yawa kuma suna ƙwacewa ne don sun ɗauka addini ne ya ba su.

Sanin hukuncin ba ya hana a duba halin da ake ciki. Wa zai kasance da yaron da rana? In uban ya karɓe shi, shi zai riƙe ko kishiyar uwa za a miƙa wa, ko tsohuwar da ba ta iya tashi? In uwar ce, gidan iyayenta yana da wuri? Makarantar boko da Islamiyya fa, za a sauya ko za a bari? Ra'ayina shi ne kada a raba 'yan'uwa, wannan ya ɗauki biyu wancan ya ɗauki biyu kamar ana rabon gado, sai in ba makawa. Kuma kada a yarda yara su zama kuɗin fansa, a ce ki bar mini su in ba ki takardarki.

Ciyarwa a ƙayyade ta gwargwadon ƙarfin uba, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. Saboda yadda farashi ke tashi, adadin da aka yanka bana ba lallai ya isa ba baɗi. Dabara mai kyau ita ce a raba: hatsi a ƙidaya shi da kwano ko buhu, kuɗin makaranta uba ya biya kai tsaye ya ajiye rasit, magani a kansa duk lokacin da ya taso, kayan salla sau biyu a shekara, sannan kuɗin hannu na wata-wata da za a sake dubawa duk bayan wata 6 ko 12. A tura ta banki ko ta hannun mutum ɗaya da aka amince da shi, don kada a wayi gari ana na bayar, ban gani ba. Mai shayarwa tana da ladan shayarwa bayan ta fita daga idda, aya ta 6 a surar ta faɗe shi.

Ziyara ita ma a tsara ta: wace rana uba zai zo ko a kai masa su, wa zai kai, wa zai dawo da su, ina za su yi hutun makaranta, ina za su yi ƙaramar salla da babba. A yi maganar tafiya tun yanzu, in ɗaya zai ƙaura zuwa wani gari mai nisa me za a yi. A kuma ɗauki alkawarin da ya fi kowanne wuyar cikawa, cewa ba mai zagin ɗaya a gaban yaran, ba kuma mai aiken yaro da saƙon faɗa.

A rubuta

Muna da jin nauyin rubutu tsakanin dangi, kamar rubutawa rashin yarda ne. Amma dattijon da ya yi zaman yau ba lallai yana raye ba bayan shekara biyar, kuma amaryar da za ta shigo ba ta ji alkawarin da aka yi ba. A rubuta da Hausa, da boko ko ajami, yadda duka za su iya karantawa. A sa cikakkun sunaye, ranar saki da adadinsa, ranar da ake sa ran cikar idda, sunayen yara da shekarunsu, sannan kowace yarjejeniya da lambarta da adadinta da ranarta. A karanta da ƙarfi a gaban kowa. A ba kowane ɓangare kwana biyu ko uku ya nuna wa wanda ya amince da shi, malami ko lauya, kafin ya sa hannu ko ya dangwala. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, a kuma ɗauki hotonta a waya. Mizanin abin da za a rubuta shi ne hadisin nan da ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Saboda haka ba a rubuta cewa uba ba zai ƙara ganin ɗansa ba, ko cewa mace ba za ta yi wani aure ba.

Takardar zaure tana da nauyin kunya, amma ba ta da ƙarfin tilastawa. In ana so ta samu, a kai ta kotun shari'ar Musulunci ta yankin, alƙali ya tambayi kowa ko da yardarsa aka yi, ya shigar da ita a matsayin hukunci. Daga nan wanda ya saɓa, kotu ce za ta neme shi. Ga waɗanda suka yi auren rajista, kamar 'yan'uwanmu Hausawa Kirista da yawa, dokar Najeriya ta 1970 kan al'amuran aure ce ke aiki: Babbar Kotu kaɗai ke raba auren, kuma dokar ta ɗora wa alƙali duba yiwuwar sasantawa. Abin da aka daidaita a kan yara da dukiya a gaban fasto ko dattawa sai a miƙa wa kotun ta duba ta amince.

In an yi zama uku ko huɗu ba a matsa ba, ko ɗaya yana ɓoye dukiya, ko ya ƙi zuwa, masu sulhu su faɗa a fili cewa sun kai iyakarsu, su rubuta abin da aka daidaita da abin da ya rage, su bar kotu ta yanke sauran. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar tallafin shari'a ta tarayya da ke jiharsa. Zuwa kotu ba tonon asiri ba ne in an riga an gwada gida.

Kafin a watse a sa ranar sake haɗuwa, bayan kwana 40 ko wata 3, a rubuta ta a ƙasan takardar, a kuma ambaci mutum ɗaya da za a kira in wani abu ya taso kafin lokacin. Watan farko kusan kowa yana cikawa. A na uku ne kuɗin ke fara makara, ziyara ke fara tsallake mako. Ranar da za a fara kai yaran wurin ubansu, kai mai sulhu ka raka su da kanka, ka zauna a zaure har a gaisa, sannan da yamma ka koma ka tabbatar an dawo da su a lokacin da aka rubuta.